Inda Na Binne Cibiyar Walid

Shisha, Makka,
12 ga Rajab, 1446.

Zuwa ga yayata, Hajiya Yalwa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, irin wadda ƙane yake durƙusawa ya yi wa yayarsa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki lafiya, ke da duk mutanen gidan Ringim, manya da yara. Yaya ciwon gwiwar nan? 'Yarki Fatsuma ta ce kin ajiye maganin asibiti kin koma man zafi. Allah Ya sa kaffara ne, Ya kawo sauƙi, amma don Allah ki koma ki sha. Mu nan lafiya lau muke. Ɗana Ayman yana zuwa aikinsa, matarsa tana fama da yara, ni kuma ina zaune a hawa na biyar ina kallon rufin motoci. Yau kwana ashirin da dawowata daga Ingila, har yanzu sanyin can bai gama fita daga ƙashina ba.

Bari in sake yi miki barka, ko da na riga na yi miki a waya, don ban ƙoshi da faɗa ba. 'Yata Nasiha ta haihu, Yaya. Shekara tara da aure, ɓari uku, har ta daina amsa waya in ta ga sunan 'yan uwa, sai ga Allah Ya ba ta namiji. Ranar suna mijinta Sabi'u ya miƙe a gaban mutane ya ce sunan yaro Mukhtaru, sunana. Ban san sun shirya mini haka ba. Ni da na shekara talatin da ɗaya ina tura tsofaffi a keke tsakanin Safa da Marwa ban taɓa neman wurin zama ba, ranar sai da na lalubi kujera. Tunda Nasiha ba za ta iya kiran sunan ubanta ba, Walid suke ce masa. Kunnuwan Baba ne da shi sak, kuma in ya gama hamma sai ya murtuke fuska kamar Baba in an kawo masa shayi ya huce. Da yake uwarta ba ta raye, uwar mijinta kuma ba ta samu zuwa ba, ni na zama mai kula da mai jego. Kunun kanwar da kika koya mini a waya na dama sau biyu. Na farko ya yi gudaji, Nasiha ta sha tana dariya tana hawaye, ta ce wai ko a Nakkasa, tsohuwar unguwarmu ta Makka, ba a taɓa yin unguwarzoma mai gemu ba.

To, ga maganar da ta sa na ɗauki biro. Sau uku kina tambayata ina cibiyar yaron, sau uku ina ce miki layin ba kyau. Layi lafiyarsa ƙalau, ni ne na kasa. Kin san in kika fara faɗa ba a samun wurin sa baki, ni kuma in na ji muryarki sai in koma ɗan yaron nan da kike ja a hannu. Rubutun nan da na koya da furfura a kaina, a ajin yamma na leburori, kina yi mini tsiya wai tsoho ya shiga aji ɗaya, yau ga ranarsa. Ki sa Fatsuma ta karanta miki a hankali, kuma kada ki katse ta sai ta kai ƙarshe.

Cibiyar ta faɗi rana ta goma. Nasiha ta kawo mini ita a cikin takarda, da ɗan abin roba da asibiti suka matse ta da shi, ta ce ma'aikaciyar jinya ta ce a jefar kawai, amma hannunta ya ƙi. Ta ce ita ba ta san yadda ake yi ba, uwarta ce ta sani. Na yagi ƙyalle daga tsohon haramina na naɗe ta, na sa a gwangwanin alewa, na sa a aljihu. Ranar kika aiko da saƙo kika ce, Muntari, kada ka kuskura ka bar cibiyar jikan Baba a ƙasar sanyi, ka taho da ita Makka ka binne, don zuciyar yaro tana bin cibiyarsa. In Makka ta gagara ka ba wa masu umara su kawo Ringim. Na ce miki to. Da na gaya wa Ayman a waya ya ce wannan duk camfi ne, babu shi a littafi. Na ce masa na sani ba addini ba ne, amma tasa uwarsa ta binne, kuma ga shi har yau ko Jidda ya je sai ya dawo ya kwana a Makka. Ya yi dariya ya ce halas, wato shi ke nan, ya Baba, yi yadda ka so.

Ban fita yawo don neman wurin binnewa ba, wannan ki yarda da ni. Na fita ne don gidan ya yi mini ƙunci. Ɗaki biyu ne a hawa na uku, a wani gari da ake rubuta sunansa Sheffield, su kuma suna cewa Shafil. Sabi'u yana asibiti wurin aiki tun safe, Nasiha da jariri suna barci, ni kuma ƙafata ba ta saba zama ba. Nasiha ta rubuta mini adireshi a takarda ta sa a aljihun rigar sanyi, ta ce kada in wuce kantin bakin titi. Rana ta farko na wuce kantin. Kin san mu masu keke ba mu san kilomita ba, da sa'ayi muke awo: daga Safa zuwa Marwa sau bakwai, sa'ayi ɗaya ke nan. Daga ƙofar gidansu zuwa tsakiyar gari sa'ayi ɗaya ne. Zuwa masallacin da na riƙa zuwa rabin sa'ayi, amma hawa ne, don garin duk tudu ne da gangare kamar unguwarmu ta da. Da na fara hawan tudun nan numfashina yana fita kamar hayaƙi, sai na ji ƙafafuna sun gane wani abu da suka rasa tun da aka tashe mu.

Gari ne mai tsabta da shiru, Yaya, shirun da yake shiga kunne. Gidaje na jan bulo a jere, manne da juna, duk iri ɗaya, kowanne da mazubin shara mai taya a ƙofarsa kamar mai gadi. Za ki bi layi tun daga farko har ƙarshe ba ki ga tabarma ko ɗaya a waje ba, ba yaro, ba mai shayi, sai labule ya ɗan motsa. Ruwa ba ya zuba kamar namu ya wuce, yayyafi ne yake ratayewa a iska tun safe. Rana kuwa ba ta hawa sama, a gefe take bi kamar mai jin kunya, kafin ka ninke dardumar la'asar an kira magariba. Na ga tsofaffi da yawa, kowa shi kaɗai, yana jan 'yar jakar cefane mai taya. Wata tsohuwa da muke haɗuwa kullum a gangaren kasuwa tana tsayawa sau uku kafin ta kai sama, tana riƙe bangon mutane. Hannuna ya yi ta ƙaiƙayi, don aikina ke nan shekara talatin da ɗaya, amma Sabi'u ya gargaɗe ni kada in taɓa kayan kowa sai an roƙe ni. Na ga coci an mayar da shi shagon kafet. Na ga wani cocin mutane sun yi layi a ƙofarsa cikin ruwa, fararen fata da baƙaƙe, kowa kansa a ƙasa, ana miƙa musu leda da abincin gwangwani. Ban taɓa zaton akwai mai kwana da yunwa a ƙasar ba. Suna sauka daga bas suna yi wa direba godiya ɗaya bayan ɗaya, wannan ya burge ni, amma maƙwabcin Nasiha na ƙofa da ƙofa, shekara huɗu, ba ta san sunansa ba.

Akwai wani babban fili mai ciyawa da itatuwa a bayan unguwar, da bencuna a bakin hanya. Kowane benci da ɗan ƙarfe a manne a jikinsa. Da na matsa na haɗa baƙaƙen, sai na ga suna ne da shekaru biyu, ta haihuwa da ta mutuwa. Na ce inna lillahi, ashe a ƙarƙashin kujeru suke rufe mutanensu, kuma ga wani ya zauna a kan kabari yana cin dankali. Mako biyu ina ratsa filin nan gwiwata tana zafi ban zauna ba, in na zo wucewa sai in kauce in rage sauri.

Duk wannan yawon gwangwanin yana aljihuna, ina jin motsinsa a ƙirjina. Niyyata ɗaya ce, in kawo shi Makka kamar yadda kika ce. Amma mutum in yana tafiya shi kaɗai ba wanda zai yi wa magana, tunani yake yi. Na fara lissafa cibiyoyin gidanmu. Taki tana Ringim, a bayan ɗakin Inna, kafin Baba ya ɗauke ku a ƙafa zuwa hajji. Ke kaɗai aka mayar gida aure, ke kaɗai kike kwana kusa da taki. Tawa tana Sudan, a gefen gonar audugar wani mutum da Baba ya yi wa ƙodago, ko sunan ƙauyen ban riƙe ba. Na 'ya'yana huɗu kuwa marigayiya uwarsu Kabira ce ta binne su da hannunta a Nakkasa, a gindin magaryar da ke bayan kicin. Ƙasar wurin dutse ce, da guntun rodi take haƙawa, tana cewa ko wuya ta kai su ina za su dawo gindin bishiyar nan. Kin san abin da ya faru. Katafila ta zo, magarya da kicin da matakalar layinmu duk sun tafi a wuni ɗaya. To in na kawo ta Walid Makka, a ina zan sa ta? A shaggar Ayman, wato ɗakunan hayar da muke ciki a bene, ƙasar da muke da ita ita ce ta tukunyar fulawar matarsa.

Abin da ya karya ni kuwa wata la'asar ce. Na dawo daga yawo na tarar da Nasiha a tsaye a taga, jariri a kafaɗa, ba ta kunna fitila ba. Ta ce in zauna in ba ta labarin layinmu. Ta tambayi mai gasa burodin nan na bakin gangare, ta tambayi akuyar maƙwabta da take cin littattafanta, ta tambayi matakala nawa ce daga titi zuwa ƙofarmu, wai ita tana tuna sittin da huɗu. Na ce sittin da shida ne, biyun ƙarshe sun karye ne tun tana ƙarama. Ta ce kusan kullum tana mafarkin tana hawa, in ta kai sama sai ta rasa ƙofar. Sannan ta ce, Baba, ni 'yar ina ce? A Makka aka haife ta, amma tun da ta yi aure ta fita iƙamarta ta mutu, takardar zaman nan da muke sabuntawa, yanzu sai da bizar umara take shiga garin da aka yanke mata cibiya, a ƙirga mata kwanaki kamar baƙuwa. Fasfonta na Najeriya ne, ƙasar da ta taka sau biyu. A Ingila kuma shekara shida, daga gida sai asibiti sai kanti, a mota. Na dubi 'yata na ga aikin magaryar nan: zuciyarta tana ja zuwa wurin da babu shi, wurin da ko yana nan ba za a bar ta ta zauna ba. In maganarki gaskiya ce, Yaya, kuma ni na yarda gaskiya ce, to abin da za mu yi wa Walid ke nan.

Washegari na yi wauta. Na ɗauki cokali daga kicin na tafi filin bencunan nan, na sami wata bishiya nesa da hanya na tsuguna. Ban haƙa rabin ɗan yatsa ba sai ga ƙaton kare ya cusa hancinsa a hannuna. Na dunƙule gwangwanin na faɗi zaune a cikin taɓo. Mai karen, wata mace mai jar hula, ta rugo tana ta magana, ta zaci ciwo ne ya kayar da ni, ta miƙo hannu ta tashe ni. Tana ba ni haƙuri ina ba ta haƙuri, ba wanda ya san abin da ɗaya yake faɗa. Da ta tafi na duba wurin da kyau, sai na ga ba bishiyar da kare bai ɗaga wa ƙafa ba. Na goge cokalin na koma gida, na ce wa Nasiha santsi ne ya kwashe ni.

A masallacin kan tudu na haɗu da mutumin da ya fitar da ni. Sunansa Muhsin, mutumin Yaman ne, ya haura tamanin. Ya ji ina gaishe da liman da Larabcin Hijaz sai ya kamo hannuna ya ce daga ina. Na ce Makka. Tun daga ranar ba ya kirana sai ya Makkawi. Yaya, shekara hamsin da shida ina Makka ana ce mini Takruni, wato baƙo daga ƙasar baƙar fata, sai da na je ƙasar Turawa aka kira ni mutumin Makka. Ya ce ya zo garin yana ɗan shekara sha tara aikin narka ƙarfe, da niyyar shekara biyar. Ya zaga da ni inda masana'antar take, yanzu kantuna ne da wurin ajiye motoci, ya nuna mini da sandarsa inda tanderun yake, wai daidai inda ake wanke mota. Ya gina gida a ƙauyensu a Yaman, bene, bai kwana wata shida a ciki ba in an haɗa, 'ya'yansa kuma ba sa zuwa. Da muka zo filin nan ya zauna a benci na ja da baya, na gaya masa dalili, sai da ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce ba kowa a ƙasa, ya Makkawi, sadaka ce, mutum in ya mutu danginsa su kafa benci inda yake son zama don gajiyayyu su huta. Ya ce zauna, ka hana matattun mutane ladarsu mako biyu. Na zauna a kan sunan wata mata da ta rasu shekarar da aka haifi Ayman. A nan na ciro gwangwanin na gaya masa komai.

Bai yi dariya ba wannan karon. Ya ce gobe in zo da takalmin da ba na so. Daga masallaci muka yi sa'ayi ɗaya da ɗan ƙari, muka bi bayan gidaje, muka haye wata 'yar gada, muka hau tudu har muka iso wata ƙofar ƙarfe da yake da makullinta. A ciki lambuna ne ƙanana-ƙanana, kamar fegin albasa, hukumar gari take ba mutane haya su yi noma. Kowa da 'yar bukkarsa ta katako da tankin tarar ruwan sama. Lokacin sanyi ne, duk ganye ya mutu, sai kabeji da karan wake a bushe. Amma a nan na fara ganin mutanen garin suna magana da juna. Wani tsoho Bature ya leƙo ta kan shinge ya tsokani Muhsin, Muhsin ya fassara mini wai ya ce ya samo sabon lebura, shi kuma Muhsin ya rama da cewa ko leburan ya fi Baturen iya dasa albasa. Fegin Muhsin yana can ƙarshe, shekara talatin da takwas yana hannunsa. Akwai itacen tuffa da ya dasa shekarar da matarsa ta rasu. Daga gindinsa ana hango garin duka a kwance cikin hazo, har benen su Nasiha.

Ya ba ni shebur ya ce in zurfafa, don yanyawa tana yawo a wurin tana tono. Ƙasar baƙa ce, mai laushi, da tana a ciki, ba irin dutsen da Kabira ta yi fama da shi ba. Na haƙa kamu ɗaya. Na tsaya da ƙyallen a hannuna na daɗe, Muhsin ya juya baya yana gyara shingen da ba abin da ya same shi. Muryarki nake ji, da ta Inna. Na san abin da nake yi. An ce takardun yaron na Ingila ne, ba wanda zai ƙirga masa kwana a garin nan. In na sa ta a nan, zuciyarsa da takardarsa za su kwana wuri ɗaya, abin da ba ni da shi, uwarsa ma ba ta da shi. Amma kuma da hannuna nake ɗaure takwarana a wurin da ba ni. Ba zai yi mafarkin Makka ba. In ya zo, zai zo ne kamar kowane alhaji, ya yi ɗawafi ya sayi dabino ya koma gida, kuma gidan ba Makka ba ne. Na yi bisimilla na sa ta, na mayar da ƙasa, na danne da tafin hannu. Rabona da kuka irin na ranar tun jana'izar Kabira.

Muna fitowa Muhsin ya gaya mini abin da ya ɓoye. Ya ce fegin ma ba nasa ba ne, haya ce, ranar da ya mutu za a ba wani. Na ce ashe ko'ina haka ne. Ya ce haka ne, sai dai a nan ba katafila ake kawowa ba, wani mai shebur ake kawowa, kuma ba wanda yake sare tuffa mai 'ya'ya. Ya ce in kawo 'yata ya ganta, in tana zuwa tana taya shi aiki zai nemi a rubuta sunanta tare da nasa, ko Allah Zai sa.

Saura kwana biyu in taho na ce wa Nasiha ta sa takalmi. Ta ce mu jira Sabi'u ya kai mu a mota, na ce a ƙafa. Na karɓi keken jaririn na tura. Yaya, na tura attajirai da malamai da matan sarakuna, na tura mutanen da suka cika a hannuna kafin mu kai Marwa, ban taɓa tura nauyi mai daɗi irin wannan ba. Muna tafe ina nuna mata garinta: ga masallacin, ga gangaren tsohuwar nan, ga bencin da ake hutawa, ga gadar. Ta ce shekara shida ba ta san akwai rafi a bayan gidanta ba. A gindin tuffar na nuna mata wurin na gaya mata abin da na yi da dalilina. Ta tsuguna ta dafa ƙasar, ta ce Gwaggo Yalwa za ta ci mu. Na ce ni za ta ci, ki bar ni da ita.

Da na dawo, rana ta uku, na hau tasi na ce a kai ni Nakkasa, da gwangwanin ba komai a ciki. Ban san me na je yi ba. An daidaita gefenmu an kewaye da kwano. Na nemi inda zan fara ƙirga sittin da shida, na rasa, don titin da ake farawa daga shi ma an canza masa hanya. Wani mai gadi ya leƙo ya ce ya hajji, ka yar da wani abu ne? Na ce a'a. Na tsaya kaɗan na dawo Shisha. A nan ba a tafiya a ƙafa, daga lif sai mota. Ayman ya hana ni fita ni kaɗai wai titin ba na masu ƙafa ba ne. Ina zagaya falo, taku tara ne.

To kin ji, Yaya. Na saɓa miki, kuma tun muna yara ban taɓa yi ba. Ban rubuto don in ce na fi ki gaskiya ba. Wataƙila ranar da na mutu a rufe ni a nan, yaron da yake ɗauke da sunana ba zai san hanyar maƙabartar ba, kuma ni na jawo. Likita ya ce zuciyata ba ta son doguwar tafiyar jirgi, ban sani ba ko zan ga tafiyarsa ta fari. Ki yi faɗanki, na shirya, wannan karon ba zan ce layi ba kyau ba. Amma in kin huce ki yafe mini, ki sa wa yaron albarka a inda yake. Shekaranjiya Nasiha ta aiko da hoto. Ba fuskar Walid ta ɗauka ba, tayoyin kekensa ta ɗauka, sun yi kaca-kaca da baƙar laka. Ta ce sun je sun dawo a ƙafa, Muhsin ya ba ta makulli. Tun ranar nake buɗe hoton nan ina rufewa.

Ki gaishe mini da Fatsuma da maigidanta da yaransu, ina yi mata sannu da karatun wannan doguwar takarda. Ki gaishe da Malam Garba, ki ce na ji rasuwar ƙanensa, Allah Ya jiƙansa. Ki gaishe da Asma da Hudaifa da duk wanda ya tambaye ni. Ayman da iyalinsa suna gaishe ki. Na sa miki man zaitun da dabino a hannun mai kawo takardar. Sannan in kin sami ƙarfin ƙafa, ki zaga bayan ɗakin Inna ki tsaya kaɗan a madadina, tunda a cikinmu duka ke kaɗai ce za ki iya.

Ni ne ƙanenki mai neman afuwarki,
Muntari.